Wai ina kafur ɗin kaya yake tafiya ne? Ba ruwa ba gari, sai dai a ga ya ƙare

Maman_Biyu:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin kimiyya ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Da sanyi ya wuce na haɗa barguna da suwaitar yara da wata rigar ulu ta maigidan na zuba a akwati, na jefa kafur guda takwas a ciki, irin fararen ƙwallayen nan da ake sawa a kaya saboda asu da kyankyasai. Jiya na buɗe zan ɗauki bargo ɗaya, wajen wata biyar kenan ban taɓa akwatin ba, toh wallahi guda uku kawai na samu kuma su ma sun koma 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar magani, ɗaya ma ya zama siriri kamar ɓawo ina ɗauka ya marmashe a hannuna. Sauran biyar ɗin babu su babu alamarsu. Na zazzage kayan gaba ɗaya na karkaɗe su ɗaya bayan ɗaya ban ga gari ba, na shafa ƙasan akwatin ba danshi ba maiƙo ba tabo, sai dai warin nan da ya buge ni har kaina ya ɗan sara.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shine ragowar da ban yi amfani da su ba na zuba su a wata 'yar kwalba mai murfi tun wancan lokacin, fakiti ɗaya ne fa rana ɗaya aka buɗe shi, na duba su suna nan cif-cif kamar yau aka sa, sai dai wani abu fari-fari mai sheƙi da ya lilliƙe a jikin kwalbar ta ciki can sama wajen murfin.

Maigidan yace narkewa yake yi da zafi kaya su shanye, ni kuma nace in narkewa ne ai da na ga tabo, kyandir in ya narke ai ana ganin inda ya zuba. Maƙwabciyata tace ƙwarin ne suke cinsa su mutu, toh ban ga gawar ƙwaro ko ɗaya ba. Ina yake zuwa ne? Kuma me yasa na kwalba bai ragu ba alhali ɗaki ɗaya suke, zafi ɗaya?

Tela_Mai_Keke:

Wa alaikumus salam. Hajiya ni dai ina bayan maigidanki, narkewa yake. Na gani da idona ba labari aka bani ba, na taɓa ajiye wani yadin kwat mai kyau a durowa na zuba kafur kala biyu, wani tsoho da ya rage min da wani sabo da na buɗe, bayan kamar sati biyu ana tsananin zafi na tarar da wurin ya jiƙe kamar an ɗiga mai, sai da na yanke gurin na yar. In ba narkewa yake ba wannan ruwan daga ina ya zo?

Malamin_Kemistiri:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Wannan kwalbar taki ta riga ta yi rabin binciken, saura kawai a ɗora bayani a kai.

Bai narke ba kuma ba abin da ya cinye shi. Iska ya zama. Warin nan da ya buge ki da kika buɗe akwatin, shi ne kafur ɗin kansa, ba wani abu ne daban da yake fitowa daga jikinsa ba. Duk sanda hancinki ya ji warin kafur toh ɓurɓushinsa ne ƙanana waɗanda ido baya iya gani suka tashi suka shiga hancin. Guda biyar ɗin da kika nema kika rasa sun fice ta zif da ta ramukan ɗinkin akwatin kaɗan-kaɗan cikin wata biyar ɗin nan suka bi iskar ɗaki, wani kason kuma ya maƙale a zaren barguna shi yasa suke wari har yanzu.

Abin da muka saba gani shine hawa uku: ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Daskararre, sai ruwa, sai iska. Amma akwai abubuwan da suke tsallake hawan tsakiya, daga daskararre kai tsaye su zama iska ba tare da sun jiƙa ko ina ba. A kimiyya ana ce wa wannan sabilimeshan, kuma kafur ɗin kaya shine misalin da kusan kowane malami yake fara kawowa a aji saboda kowa ya san shi.

Da farko ma ya kamata a sani, yawancin farin ƙwallon nan ba asalin kafur ɗin da ake samu daga itace bane, sunan ne kawai ya bi shi saboda sun yi kama a fari da ƙarfin wari. Wani sinadari ne mai suna naftalin, ana tace shi daga baƙar kwaltar da take fita idan an gasa kwal. Wani masani ɗan Ingila John Kidd ne ya yi bayaninsa ya raɗa masa suna a 1821, sannan Michael Faraday ya gano lissafin abin da ya ƙunsa a 1826. Ƙwaya ɗaya tasa mafi ƙanƙanta, wadda muke kira molekul, ta ƙunshi kabon 10 da haidurojin 8, kuma shafal take kamar faranti, siffarta kamar ki ɗauki ɗakuna biyu na saƙar zuma masu kusurwa shida-shida manne da juna gefe da gefe.

Toh a nan sirrin yake. A cikin molekul ɗin kanta ɗaurin yana da ƙarfi sosai, kabon da haidurojin ɗin basa rabuwa da sauƙi. Amma tsakanin wannan molekul da maƙwabciyarta riƙon sako-sako ne. Ki kwatanta da gishiri: shi ƙwayoyinsa wasu suna ɗauke da cajin lantarki mai ƙari wasu mai ragi, suna jan juna da ƙarfin gaske, shi yasa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke, ki ajiye shi busasshe shekara goma ba zai ragu ba kuma ba zaki taɓa jin warinsa daga nesa ba. Naftalin bashi da wannan cajin, ƙwayoyinsa jingine kawai suke da juna da wani ɗan ja mara ƙarfi da ake kira ƙarfin van der Waals.

Sannan ƙwayoyin nan ba a tsaye suke cak ba ko da kina ganin ƙwallon a zaune shiru. Kullum cikin karkarwa suke suna gogar juna, abin da muke ce wa zafi kenan a zahiri, kuma ba duka ne suke da ƙarfi iri ɗaya ba, wata tana karkarwa a hankali wata an bangaje ta ta samu ƙarfi fiye da sauran. Wadda take can tsakiyar ƙwallon ba inda zata je, an kewaye ta ta ko ina. Amma wadda take a fatar waje ta ƙasa da gefe kawai ake riƙe da ita, samanta fili ne, da zarar ta samu bangaza mai ƙarfi sai ta ɓalle ta shiga iska. Wannan yana faruwa sau miliyoyin miliyoyi a kowane daƙiƙa. Shi yasa kika ga yana ƙanƙancewa daga waje zuwa ciki, a bushe, ba gari ba tabo, saboda ɗaya-ɗaya suke tafiya.

Yanzu kwalbarki. A ciki ma suna ɓallewa kamar yadda na akwati suke yi, bambancin shine basu da hanyar fita. Suna tashi suna yawo a 'yar iskar da take ciki, suna bugun gilas suna dawowa, wasu su sake faɗawa kan ƙwallon su manne. Ba a daɗewa sai yawan masu dawowa ya yi daidai da yawan masu tashi, daga nan girmansa ya tsaya duk da cewa shige da ficen bai tsaya ba. Kuma abin da iska take iya ɗauka kafin ta ƙoshi kaɗan ne ƙwarai, a zafin digiri 25 kamar rabin giram na naftalin ya ishi iska lita 1000. Toh ina ga 'yar kwalba. Shi kuwa akwatin yadi mai zif iskarsa bata taɓa ƙoshi, tana cika tana yoyo, sabuwa tana shiga tana ɗiba.

Farin abu mai sheƙi da kika gani wajen murfin kuwa, tafiyar ce ta juyo da baya. Da rana kwalbar ta ɗumama iskar ciki ta ɗauki kafur da yawa, da dare gilas ɗin ya rigaya yin sanyi, iskar da ta taɓa shi ta kasa riƙe abin da ta ɗauka sai ta sauke shi a jiki, daga iska kai tsaye ya koma daskararre, nan ma ba ruwa a tsakani. In kika kai shi wajen haske kika duba da kyau zaki ga kamar 'yan siraran ɓawo ko allurai masu ƙyalli. Kafur ɗinki ne ya tashi daga ƙasan kwalba ya koma sama.

Malam Tela ban manta da tabonka ba, abin da ka gani gaskiya ne, zan dawo kansa.

Maman_Biyu:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi na je na duba kwalbar a bakin taga kuma haka yake, kamar allurai. Amma akwai inda na tsaya. A makaranta an ce mana sai an ƙara wuta ruwa yake zama tururi, wato zama iska ya fi narkewa buƙatar zafi. Toh in zafin ɗakina bai isa ya narkar da shi ba, ta yaya ya isa ya mai da shi iska wanda shine hawa na sama? Kamar ace mutum bai iya hawa bene na ɗaya ba amma an gan shi a na biyu.

Malamin_Kemistiri:

Madalla da wannan tambayar, ita ce take kayar da ɗalibai da yawa kuma laifin yadda muke koyarwa ne, muna nuna hawa ukun kamar dole sai an bi su a jere.

Ki tuna shanya. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, amma kina shanya wanki a inuwa ya bushe, waye ya tafasa shi? Ba kowa. Tafasa daban, ƙafewa daban. Tafasa ita ce lokacin da duk ruwan har can cikinsa yake da ƙarfin da zai ture nauyin iskar da take danne shi ya yi kumfa ya tashi gaba ɗaya, wannan kam sai da wuta. Ƙafewa kuwa a saman fata kawai take faruwa, ƙwayoyin da suka fi sauran ƙarfi suna sulalewa ɗaya-ɗaya, kuma wannan baya jiran wani digiri. Narkewa ma kamar tafasa take, abu ne na taron dangi, sai zafi ya kai inda duk jerin ƙwayoyin zai rushe lokaci ɗaya. Shi kuwa sabilimeshan ɗan'uwan ƙafewa ne, ba ya buƙatar kowa ya shirya, wadda ta samu ƙarfi a bakin fata ta tafi. Gaskiya ne ƙwaya ɗaya tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta ɓalle daga daskararre ta shiga iska, ya fi wanda narkewa take buƙata, sai dai ba duka ake nema su same shi ba, 'yan kaɗan a kowane lokaci sun isa, shi yasa abin yake ɗaukar watanni maimakon mintuna.

Kuma kada a ɗauka naftalin baya narkewa sam. Yana narkewa a digiri 80, ya tafasa a digiri 218. Ɗaki ne kawai baya kaiwa can. Dan Allah kada wani ya ce zai ɗora a wuta ya gwada a gida, yana kama wuta kuma hayaƙinsa guba ne.

Muna auna son tashin abu da wani ma'auni, wato yawan matsin da tururinsa yake yi idan an rufe shi har iskar ta ƙoshi. Na naftalin a digiri 25 wajen faskal 11 ne (faskal shine ma'aunin matsi), alhali iskar da muke ciki tana danna mu da faskal sama da 101,000. Kin ga ɗan mitsitsi ne a lissafi, amma idan aka kwatanta da na gishiri ko ƙarfe ko dutse wanda kusan sifili ne, babba ne. Ga shi hancin ɗan Adam yana kama warinsa ko da bai kai kashi 1 cikin miliyan na iskar ba. Wannan matsin kuma yana hawa da sauri in zafi ya ƙaru, duk ƙarin digiri 10 yana ninka shi fiye da sau biyu, shi yasa wanda aka sa a watannin zafi yake ƙarewa da wuri fiye da na lokacin sanyi. In akwai iska mai kaɗawa ko fanka ya fi sauri saboda ana kwashe waɗanda suka tashi kafin su dawo. In aka daka shi ya zama gari ya fi sauri nesa ba kusa ba saboda fatar da take fuskantar iska ta yawaita. Ina kyautata zaton ukun da suka rage miki suna can cikin ninkin bargo ne, biyar ɗin da suka ɓace suna sama ko gefe kusa da zif.

Malam Tela ga naka. Kafur ɗin kaya ba iri ɗaya bane. Bayan naftalin akwai wani sinadarin, paradikulorobenzin, a jikin fakiti wani lokaci zaka ga an taƙaita shi PDB, shine kuma ake yin irin dunƙulen nan na kashe warin banɗaki da shi. A ido kusan ɗaya suke. Shi wannan yana narkewa a digiri 53, kuma son tashinsa ya ninka na naftalin fiye da sau 10, ya fi saurin ɓacewa. Kowannensu shi kaɗai ba zai narke a durowa ba. Amma idan suka haɗu suna taɓa juna, ƙwayoyin wannan suna kutsawa cikin jerin wancan su ɓata masa tsari, sai wurin narkewar gaurayen ya faɗo ƙasa da na kowannensu, har kusa da digiri 30, kamar dai yadda gishiri yake narkar da ƙanƙara in an barbaɗa mata. Digiri 30 kuwa durowa tana wuce shi cikin sauƙi lokacin zafi. Kace kala biyu ka zuba, tsoho da sabo, toh ina ganin abin da ya ci maka yadi kenan. Haka ma in aka haɗa ɗayansu da asalin kafur na itace. Kuma shi PDB yana laushe wasu irin robobi, maɓallan roba da hanga, har su manne da kaya, kai da kake harkar ɗinki ka kula da wannan.

Anti_Nas:

Sannunku da ƙoƙari. Malam ya gama da ɓangaren kimiyya, ni inaso in tsaya akan kalma ɗaya da Maman Biyu ta faɗa ta wuce, tace kanta ya sara. 'Yar'uwa wannan ba ƙaramin abu bane, in dai warin shine kafur ɗin kamar yadda Malam yace toh duk wanda yake kwana a ɗakin nan ya sha rabonsa na guda biyar ɗin da suka ɓace, har da yaran.

Babba mai lafiya yawanci ciwon kai ne da tashin zuciya da yajin ido su wuce. Inda hankalina yake tashi shine jarirai da kuma masu ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD. Gado ne, ana haihuwar mutum da shi, ya fi bayyana a maza saboda ta hanyar kuromosom X yake bi, wato wani zaren gado da namiji yake da guda ɗaya mace biyu, kuma mutane da yawa suna da shi basu sani ba tunda lafiyarsu ƙalau sai ranar da suka haɗu da abin da zai tayar da shi. Naftalin yana cikin manyan masu tayar da shi. In ya shiga jikin mai wannan matsalar jajayen ƙwayoyin jininsa fashewa suke yi, jini ya ragu, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar an jiƙa tsatsa, jiki ya saki. A jariri sabon haihuwa shawara ce mai tsanani take tasowa kuma in ta yi yawa ba a kai asibiti da wuri ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, taɓin da baya gyaruwa.

Na taɓa karɓar wani jinjiri ɗan kwana biyar, an sallame su lafiya lau, aka dawo da shi ya yi rawaya har tafin ƙafa baya kama nono, ina buɗe zanin da aka naɗe shi warin kafur ya daki hancina. Uwar tana kuka tace kayan yayansa ne ta adana su da kyau a akwati saboda kada ƙwari su ɓata, ta fito da su ta saka masa. Ba sakaci ta yi ba, tsafta take nufi, ba wanda ya taɓa faɗa mata. Har yau in na ji warin nan fuskarta nake tunawa. Ba sai jariri ya haɗiya ba, ta numfashi yana shiga, ta fata ma yana shiga, balle an shafa masa mai saboda naftalin a mai yake narkewa, a ruwa kuwa da ƙyar. Wannan ne ma yasa ɗauraya ɗaya bata fitar da shi daga kaya.

Dan Allah kayan jarirai, zanin goyo, shawul, hula, katifarsu, kada kafur ya kusance su ko kaɗan. Na biyu kuma yara masu rarrafe suna ɗauka alewa ce, fari ne zagayayye yana ƙyalli, guda ɗaya ya isa ya kwantar da ƙaramin yaro. In hakan ta faru kada a tura masa yatsa ya yi amai, kada a bashi madara ko mai da sunan karya guba, maiƙo ƙara tura shi cikin jini yake yi. A ɗauki yaron da fakitin a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa, saboda fashewar jinin tana iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki kafin ta nuna.

Ba ni kaɗai nake wannan tsoron ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya IARC ta saka naftalin a 2002 cikin rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa ga mutane, PDB ma a rukunin yake, kuma Tarayyar Turai ta hana sayar da kafur ɗin kaya na naftalin tun 2008.

Dalibi_Mai_Neman_Sani:

Malam mun yi wannan a dakin gwaji! An gauraya naftalin da yashi a wani ɗan kasko aka kifa mazurari na gilas a kai aka toshe bakinsa da auduga, aka ɗumama a hankali, kafin wani lokaci sai ga fararen allurai sun fito a jikin mazurarin yashin kuma ya zauna a ƙasa shi kaɗai, malamarmu tace haka ake tace shi daga datti. Mun ga na aidin ma, baƙin abu mai ƙyalli amma tururinsa shuɗi-ja mai kyau. Tambayata busasshiyar ƙanƙarar nan da take hayaƙi ita ma haka ne?

Malamin_Kemistiri:

Haka ne ɗalibi, ita ce ma cikakken misalin. Iskar kabon dayokzaid ce aka daskarar, tana tashi a digiri 78.5 ƙasa da sifili, kuma ita a matsin iskar da muke ciki ko me zaka yi mata ba zata zama ruwa ba, sai an matse ta fiye da sau 5 na matsin iskar duniya. Kaga ta bambanta da naftalin wanda zai narke in ka kai shi 80. Farin hayaƙin da kake gani kuma ba ita bace, danshin iskar wurin ne sanyinta ya mayar hazo. Ƙanƙarar ruwa ma tana yi, ka bar 'yan ƙanƙara a buɗe a firiza wata biyu zaka tarar sun ƙanƙance ba tare da sun narke ba.

Ina goyon bayan Anti Nas ɗari bisa ɗari, kuma kimiyyar ma tana bayanta. Asu ba babban mai fiffiken ne yake cin kaya ba, tsutsarsa ce, kuma ulu da gashi da gashin tsuntsu take nema saboda wani furotin mai suna keratin, siliki ma tana ci, auduga tsantsa ko yadin roba bata damu da su ba sai in akwai gumi ko maiƙo a jiki. Tururin kafur baya kashe tsutsar sai ya taru ya yi kauri, wato sai a mazubi mai rufuwa ruf kamar kwalbar Maman Biyu. Masu watsa shi a ƙarƙashin gado da lungun ɗaki da bayan kujera, iskar bata taɓa kaurin da zata kashe ƙwaro, mutanen gidan ne kawai suke shaƙa dare da rana. In kayan ulu ne a wanke su tas su bushe sosai a zuba a leda mai kauri ko bokitin roba mai murfi a rufe, in ana zargin akwai ƙwai a jiki a sa ledar a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili sati ɗaya, ya wadatar ba sai da kafur ba.

Tela_Mai_Keke:

Malam na yarda. Na je na tono tsofaffin fakitin a shago, ɗaya an rubuta naftalin ɗayan kuma dogon sunan nan da ka faɗa. Shekara nawa ina ɗora laifin akan zafi.

Maman_Biyu:

Anti Nas jikina ya yi sanyi wallahi, ƙaramin nawa shekararsa biyu kuma akwatin a gefen gadonsu yake. Na fitar da shi waje tun ɗazu, kwalbar ma na ɗaure ta a leda na ɗora can saman inda hannu baya kaiwa. Toh barguna da suwaitar fa, ya zan yi warin ya fita tunda kince wanki ɗaya baya yi?

Malamin_Kemistiri:

Hanyar da ya bi ya shiga ita zai bi ya fita. Abin da ya maƙale a zaren ma tashi yake yi, ki bashi abubuwan nan da nace suna sa shi sauri, zafi da iska da fili. Ki warware kowanne ki baza a igiya a waje inda rana take bugu iska tana kaɗawa, kada ki ninka, ki riƙa juya su, kwana biyu ko uku ko fiye ga bargo mai kauri. Sannan ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi, na ulu dai da ruwa mara zafi kada ya tsuke, ki sake shanyawa. In kina so ki tabbatar, ki sa suwaita ɗaya a leda ki ɗaure ki bar ta a wuri mai ɗumi awa biyu sannan ki buɗe ki ɗan sansana, in akwai saura ledar zata tara shi kamar yadda kwalbarki ta yi, sai ki mayar igiya. Akwatin ma ki bar shi a buɗe a rana, ki buɗe tagogin ɗakin yaran yau su kwana a haka.